Gawa Mai Gata

Mutum ya karanta littafin kisan kai ya ji tsoro, an saba gani. Ya ji tausayin wanda aka kashe, wannan ma ba abin mamaki ba ne. Amma a ce mutum ya ajiye littafi yana jin haushin gawa don ta fi shi gata, wannan kam sai Injiniya.

Ba wani injiniya ba ne, gaskiyar magana. Mai gyaran rediyo ne. Maƙwabcinsa Direba ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, sunan kuwa ya manne masa har 'yarsa kan yi suɓutar baki ta kira shi da shi. Ya daɗe yana da ɗan shago a bakin titi, inda yake wuni da filaya da dalma da tarin rediyoyin da masu su suka kawo gyara suka manta. Da zamani ya juya, kowa ya koma manna waya a kunne, sai ya rufe shagon, ya kwashe komatsansa ya hau da su ɗakinsa a saman bene. Matarsa ta riga ta rasu. 'Yar tasa, ita kaɗai gare shi, tana aure a wani gari mai nisa, tana leƙowa in ta sami sarari, sararin kuwa ba ya yawan samuwa.

Ita ce ta kawo masa littafin a zuwanta na ƙarshe.

"Baba, ga wannan ka ɗan rage zaman shiru," in ji ta. "Ba tashin hankali a ciki. Mutum ɗaya kawai aka kashe."

"Mutum ɗaya kawai," in ji shi. "To Allah ya shirye ki."

Ya jefa shi kan tebur cikin tarkacen wayoyi, da niyyar wata rana ya tokare ƙafar kujera da shi. Bayan ta tafi da kwana biyu, ɗaki ya yi masa faɗi, ya jawo littafin ya buɗe.

Labarin wani ƙaramin gari ne a gefen tafki, mai titi ɗaya, gidan burodi ɗaya, da ɗan sanda ɗaya wanda bai taɓa kama kowa ba. Kowa ya san kowa. In za a yi gulma sai an dafa shayi, in za a yi makoki sai an dafa shayi, in aka tsinci gawa ma, kafin a lulluɓe ta wani ya ɗora ruwa a wuta. Wanda aka kashe wani mai sayar da agogo ne, marowaci, mai baƙin rai, wanda ko yaran garin ba sa gaisarwa. Mai binciken kuwa wata tsohuwar ungozoma ce mai kiwon zomaye, wadda ta karɓi haihuwar rabin garin, don haka ba mai iya duban idonta ya shara mata ƙarya.

Injiniya ya karanta shi yadda yake duba cikin rediyo, da fensir a bayan kunne, yana bin kowace waya ya ga inda ta nufa. Duk inda ya hango wata alama sai ya ja layi a ƙarƙashi ya yi tsaki. Ɗan sandan nan ya fi ba shi haushi. "Wannan ko ciki aka buɗe masa ba zai gane batir ba," in ji shi, shi kaɗai a ɗaki. Ya tabbatar wa kansa cewa da shi ne a garin, da tun kafin ungozoma ta gama ba zomayenta ganye ya nuna mai laifi. Shi mutum ne mai lura, kunnensa kuwa ba ya barin komai ya wuce.

Amma ba kisan ne ya tsaya masa a rai ba. Shafin da aka gano gawar ne. Mai agogo bai zo sayen burodi da safe ba, shi ke nan abin da ya faru. Mai gidan burodi ta ware masa nasa a gefe, ta leƙa titi, ta sake leƙawa, ta cire rigar aiki ta tafi ta buga masa ƙofa. Kafin shayin da ta zuba ya huce, rabin gari yana tsaye a ƙofar mutumin da ba wanda yake ƙauna.

Injiniya ya karanta shafin ya maimaita. Ya kifa littafin a ƙirji yana kallon rufin ɗaki. Hassada ce ta kama shi, tsagwaronta, ba wani suna da za a ba ta. In shi ya mutu a kan gadon nan, wa zai sani? 'Yarsa takan kira a ƙarshen mako, in bai ɗauka ba za ta ce ya manta waya a aljihun wata riga. Masu haya a ƙasa suna fita tun da duhu su dawo a gajiye, suna jefa masa "sannu Baba" ba tare da sun ɗaga kai ba. Mai kantin kan kwana, inda yake sayen nasa burodin, kuɗin hannunsa ya sani, bai san fuskarsa ba. Ya lissafa kowa, bai sa Direba a ciki ba. Mutum ba ya sa ƙarar ƙofar ɗakinsa cikin jerin masoyansa, Direba kuwa wajensa kusan haka yake.

Su biyu ne kawai a saman benen, bango ɗaya tsakaninsu. Direba ya yi rayuwarsa a kan manyan motoci har gwiwa ta ƙi, wani ciwon maƙogwaro kuma ya tafi da muryarsa ya bar masa wata 'yar raɗa mai kamar iska na fita daga taya. Tun da ba ya iya kira, sai ya koma buga bango da sandarsa. Kowace safiya, da Injiniya ya tura tagarsa ta yi ƙarar da ta saba yi, sai ya ji ƙwas-ƙwas a bango, shi kuma ya rama da gindin filaya yana gunaguni. Abin da Direba ya rasa a murya ya mayar a rediyo. Yana da wata tsohuwa mai batir, wadda Injiniya ya gyara har ya gaji da gyarawa, tana zaune a saman kabad tana ihu tun safe. Akwai wata 'yar kafar iska can sama kusa da rufi, tsakanin ɗakunan biyu, da daɗewa Injiniya ya cusa mata kwali don ya sami lafiyar kunnensa. Bai samu ba, amma ya rage.

Da yamma suka haɗu a baranda, kowa da kujerarsa, kamar kullum. Injiniya ya fito da littafin a hannu ya ba shi labarin mai agogo.

"Ka ji gari," in ji shi. "Can ko gawa tana da gata. Nan kuwa mutum zai ruɓe a ɗaki, sai wari ya dami masu haya sannan a tuna da shi."

Direba ya yi dariyarsa marar sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Ya matso, don sai ya matso ake jin sa.

"Kai dai da iya ƙorafi. Wa zai bar ka ka ruɓe? Wa zai gyara mini rediyo?"

"Ka gani ko? Rediyo. Ba ni ba."

"To ka mutu ka gani mana," in ji Direba.

Wasa ya yi. Amma akwai mutanen da bai kamata a ba su shawara ko da wasa ba, musamman waɗanda suka saba gwada abu kafin su yarda da shi. Injiniya bai taɓa miƙa wa mutum rediyo ba sai ya kunna ya ji da kunnensa. Ya kwana yana juya maganar, gari bai waye ba sai da ya yanke shawara: zai mutu ya gani.

Ya shirya mutuwar da tsari, kamar yadda yake shirya komai. Akwai burodi, akwai ruwa a gora, banɗakinsa yana cikin ɗaki. Ya murɗa makulli, ya saki labule, ya rage wa waya sauti ya ajiye ta inda zai ga haskenta in an kira. Ya hau gado da littafinsa da fensirinsa. Tagar da ya saba turawa kowace safiya ya bar ta a rufe.

Rediyon Direba ta kama aiki a lokacinta. Ana labarai, ana waƙa. Can sai ƙwas-ƙwas a bango, a hankali, irin na mai tambaya. Hannun Injiniya ya kai ga filaya da kansa, ya janye shi. Gawa ba ta ramawa. Aka sake bugawa, da ɗan ƙarfi. Sai ya ji ƙofar Direba ta buɗe, ya ji takun sanda da jan ƙafa a baranda, aka tsaya a ƙofarsa. Aka ƙwanƙwasa. Aka murɗa hannun ƙofa. Aka yi wata raɗa a jikin katako wadda ta yi kama da sunansa.

Injiniya ya ja bargo har hanci yana murmushi. Daɗi ya ji, daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Yanzu sai Direba ya lallaɓa ya sauka ƙasa, ya tara mutane, a zo a ɓalle ƙofa. Har ya tsara abin da zai ce: barci ne ya ɗauke shi, ku yi haƙuri, ashe dai ana tunawa da mu.

Takun sanda ya juya. Bai nufi matakala ba, ɗakinsa ya koma.

Murmushin ya tsaya a fuskar Injiniya bai san inda zai kai shi ba. Ya kasa kunne. Ta cikin hayaniyar rediyo ya ji ana jan tebur a ƙasa, ƙiii, har ya zo jikin bango. Ya ji an ɗora wani abu a kai. Shiru na ɗan lokaci. Daga nan sai wani abu mai nauyi ya faɗi, tim, har kofin da ke kan teburinsa ya girgiza.

"Gyaran ɗaki," in ji Injiniya a ransa. "Maƙwabcinsa ya mutu, shi kuwa yau ya ga ranar sauya wa tebur wuri."

Ya buɗe littafi da fushi. A can garin tafki, ungozoma ta yi wa matar mai agogo, wadda suka daɗe da rabuwa, gasasshen burodi mai zuma ta kai mata, mata huɗu suna zaune da ita suna riƙe mata hannu. Ya ja layi a ƙarƙashin wannan ma, duk da ba alama ba ce.

Zuwa hantsi bugun bango ya dawo. Wannan karon daga ƙasa yake fitowa, kusa da daɓe, ba daga inda aka saba ba. Injiniya ya lura da haka, shi ai mai lura ne, ya kuma fassara shi nan take: ragon ya kwanta a tabarma yana miƙo sanda, ko tashi zaune ba zai yi ba. Bugun ya zo, ya tsaya, ya sake zuwa. Injiniya ya naɗe hannu a ƙirji. In da gaske ne a zo ƙofa da mutane. Mai burodin littafi ba bango ta tsaya bugawa ba.

Mutuwa, ashe, aiki ce mai gajiyarwa. Bayansa ya ƙage. Ya ci burodi a ɓoye kamar ɓarawo a gidansa. Da ya shiga banɗaki sai da ya yi sanɗa, ya kuma fito bai ja ruwa ba, don gawar da ke jan ruwa ta tona wa kanta asiri. Waya ta yi haske sau ɗaya, zuciyarsa ta buga, ya duba ya ga kamfanin waya ne ke yi masa albishir da garaɓasa. Da yamma ya ji masu haya sun dawo a ƙasa, ana soya albasa, ana yi wa yaro faɗa. Ba wanda ya hau bene. Bugun bango ya yi ta raguwa, ya koma jefi-jefi, har ya daina.

"Iyakar zumuncin ke nan," in ji Injiniya. "Bai kai wuni ɗaya ba."

Ya ji ciwon abin sosai, fiye da yadda ya zata. Ya shiga gwajin ne yana cewa ba wanda zai zo, amma can ƙasan ransa yana jiran a ƙaryata shi. Ya kwanta da ƙwalla a ido, tsoho da shi, yana jin tausayin kansa kamar maraya. Rediyo kuwa ba a kashe ta ba, ta kwana tana yi. Wannan ma ya sa shi a lissafin laifin Direba: ko don girmama mamaci ai a rage sauti.

Da safe ya farka da taurin kai sabo. Zai ƙara yini. Ya bar taga a rufe, ya ɗauki littafi, saura kaɗan ya gama. Amma kunnen mai gyara ba ya hutu. Yana karatu yana jin rediyon maƙwabci, kuma tun a layin farko ya gane batir ya fara mutuwa. Muryar mai labarai ta yi kauri, ta yi ƙasa, kiɗa yana fita kamar an danne shi da matashi. Injiniya ya ji wani daɗi na mugunta. Yau dai dole Direba ya zo. Bai taɓa sayen batir da kansa ba, kullum nan yake zuwa ya tsaya a ƙofa da murfin rediyo a hannu. To ya zo ya ga ƙofa a kulle, ya san darajar mutane.

Ya koma littafi. Ungozoma ta tara mutanen gari a gidan burodi, an zuba wa kowa shayi, za ta faɗi mai laifi. Ba wanda Injiniya ya ja wa layi ba ne. Wanda ya zarga tun farko, malamin makaranta, ashe ba ruwansa. Ya yi tsaki ya ce marubucin ya yi maguɗi.

A lokacin nan ne tasha ta fara zamewa.

Ya san halin rediyon nan fiye da yadda ya san halin 'yarsa. In batir ya yi sanyi takan sauka daga kan tasha a hankali, shuuu ya fara shiga cikin magana. Gyaran ba wani abu ba ne, ɗan yatsa ne a kan abin murɗawa, kaɗan zuwa dama. Direba kuwa ba ya jure shuuu ko na numfashi ɗaya. Mutum ne da ya yi shekaru yana tuƙi hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a kan rediyo. Injiniya ya jira a murɗa. Shuuu ya ƙaru. Ya cinye rabin maganar mai labarai, ya cinye saura. Ɗakin maƙwabci ya cika da tsiyayar iska, ba wanda ya taɓa.

Injiniya ya sauke littafin a hankali. Tasha ɗaya tun jiya da safe. Ba a juya zuwa wasan ƙwallo da rana ba. Ba a kashe da dare ba. Babu hannu a kan rediyon nan, kuma an daɗe babu. Sai tebur da aka ja ya dawo masa, da abin da ya faɗi, da bugun da ke fitowa daga ƙasa kusa da daɓe. Ya ɗaga kai ya dubi kafar iska. Kwalin da ya cusa mata ya turo ciki, gefe ɗaya yana reto.

Bai san lokacin da ya sauko daga gado ba. Makulli ya ƙi shiga hannunsa, ya faɗi, ya ɗauka. Ya fita baranda ba takalmi. Ya ɗaga kafaɗa zai banki ƙofar Direba, ashe ko kulle ta ba a yi ba, turawa ɗaya ta buɗe.

Tebur yana jikin bango. Kujera tana kife a gefe, ƙafa ɗaya a karye. Direba yana kwance a ƙasa tsakaninsu, ƙafarsa ta dama ta juya wata irin juyawa da ƙafa ba ta yi, leɓensa ya bushe ya tsage, sanda tana hannunsa har yanzu. Rediyo tana can saman kabad, inda hannu ba ya kaiwa daga ƙasa, tana ta shuuu.

Injiniya ya durƙusa. Ya kira shi, ya sake kira. Idon Direba ya buɗe, ya daɗe yana kallonsa kafin ya gane shi. Sai fuskar nan ta saki gaba ɗaya.

"Kana da rai," in ji shi. Sai da Injiniya ya kai kunne bakinsa sannan ya ji. "Alhamdu lillahi. Na ce shi ke nan, Injiniya ya tafi."

"Kada ka yi magana. Bari in kawo ruwa."

"Ban ji taga ba," in ji Direba, ya riƙe masa hannun riga. "Na buga, shiru. Na zo ƙofa, shiru. Gwiwar nan ba za ta kai ni ƙasa da wuri ba, na ce bari in leƙa ta sama in gani ko kana numfashi. Kai ma da cusa kwali kamar mai toshe rami." Ya haɗiye da ƙyar. "Ina nan kwance ina ta tunani, yana can shi kaɗai, ni kuma na kasa tashi. Me ya same ka?"

Injiniya ya buɗe baki. Duk maganar da ya tsara jiya ta gudu.

"Zazzaɓi," in ji shi.

Direba ya ɗago hannu daga ƙasa, ya ɗora bayan tafinsa a goshin Injiniya.

"Ya sauka," in ji shi. "Ka sha magani?"

Abin da ya biyo baya an yi shi da gudu. Injiniya ya tsaya a kan matakala ya yi ihun da bai san yana da shi ba, matar mai haya da ba ta fita aiki ba ran nan ta hau da gudu, aka kira motar asibiti, aka kira ɗan Direba. Mutane suka cika baranda, har mai kantin kan kwana ya zo ya tsaya yana tambaya wane ne. Rabin unguwa a ƙofa ɗaya, kamar yadda aka rubuta a littafi. Wata ma ta ce bari ta ɗora ruwan shayi. Kowa ya yi ta yaba wa Injiniya, ana cewa ba don kunnensa ba da an rasa tsohon nan, irin wannan maƙwabci sai an tona. Ya tsaya yana karɓar yabo kamar mai karɓar mari.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. An yi aiki, an sa ƙarfe, likita ya ce zai taka amma shi da bene sun yi sallama. Ɗan Direba, wani mai ƙiba mai yawan duba waya, ya ce dama ya daɗe yana roƙon Baba ya dawo wajensa, yanzu magana ta ƙare. Gidansa yana can wani gari, tafiyar yini a mota.

Injiniya yana zuwa asibiti kullum. Ba a yarda da rediyo a ɗakin ba, Direba ya ce shiru zai kashe shi kafin ƙugu, don haka ya ce a kawo littafin nan na masu shayi a karanta masa. Injiniya ya so ya ce ya ɓata. Ya kawo. Ya zauna a bakin gado yana karantawa, yana tsallake layukan fensirinsa da ido. Da suka iso shafin mai burodi, ya daure ya kai ƙarshe: kafin shayi ya huce, rabin gari yana ƙofa.

Direba ya yafito shi. Injiniya ya matso da kunne.

"Waɗannan ba su iya aiki ba," in ji Direba. "Har sai da aka zuba shayi? Ni ko ruwa ban ɗora ba."

Injiniya ya rufe littafin a kan yatsansa. Direba ya daɗe yana kallonsa, da idon mutumin da ya kwana biyu a gado ba abin yi sai tunani, ya kuma tuna wace magana aka yi a baranda ana gobe zazzaɓi zai zo. Babu fushi a fuskarsa. Da akwai, da ya fi sauƙi.

"To, Injiniya," in ji shi. "Ka gani?"

"Na gani," in ji Injiniya.

"Madalla. Ci gaba, ina so in ji wa ya kashe shi."

Ranar da ɗan ya zo kwashe kaya, ya ƙwanƙwasa wa Injiniya ƙofa ya miƙa masa rediyon. Ya ce Baba ya ce a bar masa, wai shi kaɗai ya san halinta. Aka sauke tebur, aka sauke kabad, aka jefar da karyayyar kujera, aka kulle ɗakin.

'Yarsa ta kira a ƙarshen mako, kamar yadda ta saba.

"Baba, ka gama littafin? Ya yi daɗi ko? Akwai na biyunsa, a garin dai, in kawo maka?"

"Bar shi," in ji shi. "Ɗaya ya ishe ni."

Ya zare kwalin daga kafar iska da sandar tsintsiya, bai hau kujera ba. Ya sa wa rediyo sabon batir ya ɗora ta a kan tebur. Da safe ya tura taga, ta yi ƙarar da ta saba yi, ya tsaya da filaya a hannu yana fuskantar bango. Ya daɗe a tsaye kafin ya mayar da filayar cikin akwati ya tafi sayen burodi.